Ma'aunin Gidan Waya

Shekara goma sha tara ke nan ina bayan wannan kanta,
a gidan wayar garinmu, can ƙuryar Wyoming,
inda iska ba ta sallama kafin ta shigo.
Aikina awo: wasiƙa, kwali, jakar iri,
'yan tsaki masu tsiwa cikin akwati mai huji.
Duk abin da aka ɗora mini, ma'auni zai faɗi gaskiyarsa.

A jikin ƙofa akwai allo, rana ta lashe jan fentinsa,
hoton ƙaramar bindiga an ja mata layi a wuya.
Kowa ya san shi kamar tabon fuskar maƙwabci:
an saba, an daina gani.

Ranar Talata Orrin Teague ke zuwa,
tsoho mai shanu ɗari biyu da gwiwa ɗaya mai aiki,
da kwalin busasshen nama da safar ulu
zuwa ga jikarsa Maribeth mai karatun jinya a Denver.
Rigar sanyinsa na da tudu a ƙugun dama.
Na daɗe da lura, na yi gum.
Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Dokar jiha ta ce masa: ɗauki abinka, rufa da riga.
Amma daga bakin ƙofar nan ƙasa ta tarayya ce.
Taku ɗaya, halas ya zama laifi.
Mutum bai sauya ba, riga ba ta sauya ba,
daɓen ne kawai ya sauya uban gida.

Ran nan kan sarki ya suɓuce masa.
Ya sunkuya, riga ta ɗage,
baƙin mariƙi ya leƙo kamar ƙadangare daga tsagar bango.
Ɗan Consuelo, mai shekara shida, yana layi da uwarsa.
Ya nuna allo. Ya nuna tsoho.
Bai ce uffan ba,
yatsa kawai.

“Orrin,” na ce, murya ƙasa-ƙasa.
Ya dube ni, ya dubi yaron, kunnuwansa suka yi ja.
“Lorna, mil arba'in ne tsakanina da ɗan sanda.
Daren da aka fasa mini rumbu
wannan allo bai zo ya taya ni ba.”
Na ce na sani.
Na ce ni ma tawa na gida, a saman firji.
Amma ranar da wani zai shigo da fushi a ƙugu,
ba ni da ma'aunin da zai raba mini
Orrin da wanda ba Orrin ba.

Ya ajiye kwalin, ya fita.
Na ji ya tada mota, na ce shi ke nan, na yi rashi.
Ashe titi ya tsallaka da ita, gaban shagon abincin dabbobi,
don ya ji an ce har filin ajiye motar ba nasa ba ne.
Ya dawo a karkace, ɓari ɗaya ya yi sauƙi,
hannu na laluben ƙugu
kamar harshe a gurbin haƙorin da aka cire.

Laba uku da oza shida.
Ya biya, bai jira canji ba.

An ce lauyoyi na ta ja-in-ja a kotunan nesa,
wannan alƙali ya ce i, wancan ya ce a'a.
Ni dai har yau allon na nan, ban kuma sake masa fenti ba.

Yana zuwa duk Talata. Ya daina ce mini Lorna,
“Madam” ce yanzu, da ɗan taɓa hula.
Ta taga nake kallonsa yana tsallako titin,
ƙanƙara ta daskare kamar gilashi,
gwiwa ɗaya, kwali a hammata, ƙugu wayam.
Taku talatin da ɗaya ne.
Ina ƙirga su, numfashina a riƙe,
sai na ji ƙararrawar ƙofa.